Ragowar Likkafanin Inna

Ni ne ɗan fari a ɗakin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce wa matata, "Ina mutumin naki?" In kuwa ina gabanta, "kai" ya ishe ta. Ƙannena mata suna zuwa su jingina da ita, su ci a kwanonta, ta yi musu faɗa ta yi musu wasa. Ni gaisuwa ce kawai ta haɗa mu, safe da yamma, ina durƙushe a bakin ƙofa, ita kuma fuskarta na kallon bango. Haka aka rene ta, ba a nuna wa ɗan fari so, kuma ban taɓa kai ƙara ba. Sai dai abin ya bar mini wani hali da har yau ban rabu da shi ba. In mutum ya yi mini alheri, sai na juya alherin ciki da waje ina neman abin da aka ɓoye a ƙarƙashi.

Muna zaune a wani ƙauye gaba da Maska kaɗan. Ina da shago a Funtua inda nake sayar da iri da maganin feshi, kullum in hau babur da safe in dawo kafin magariba. Inna kuwa kaɗi ne aikinta, kuma a duk ƙauyen ita kaɗai ta rage mai riƙe mazari. In an gama ɗibar auduga an kai wa masu saye, sai ta bi gonata tana kala. Ta dawo ta gurje, ta yi shiɓa, ta zauna a inuwar rumbu tana murza mazari, tana dangwala yatsa a alli. Kowa ya san abin da take tarawa, likkafaninta ne. Matan zamaninsu haka suke yi, mace ta kaɗa zaren da za a naɗe ta a ciki, ba ta jira farin yadin kasuwa ba. Ta daɗe tana yi, don yanar ido ta fara rufe mata gani, rabin aikin da yatsu take ganinsa. Da zare ya taru aka kai wa wani tsohon masaƙi a Maska, ya saƙo shi sirara-sirara, kowanne faɗin tafin hannu. Ta naɗe ta sa a ƙasan akwatinta.

Wata safiya a farkon damina na durƙusa gaisuwa, sai ta turo mini ƙunshi ta ƙarƙashin labule.

"Kai, ga wannan. Ragowa ce. Masaƙin ya yi mini yawa, ni kau ba doguwa ba. Kai wa tela shi yi maka riga, kada gara ta cinye a banza."

Na kwance, na ga farar saƙar nan. Na ce, "Riga, Inna?"

"In ba ka so maido, a yi tsumma da shi."

Na ɗauka na yi godiya, amma tun kafin in kai babur zuciyata ta fara aikinta. Matar da ba ta taɓa miƙo mini ko goro ba, yau me ya faru? Ko ciwo take ɓoyewa? Ko wani mafarki ta yi? Ko sun saɓa da matata ne, take so ta nuna mata wani abu ta kaina? Na koma ɗaki na tsare matata da tambaya. Ta yi dariya ta ce, "Kai dai komai sai ka tone shi. An ba ka, ka karɓa mana."

Telan da ke layinmu a kasuwa ya daɗe yana murza saƙar a hannu. Ya ce rabonsa da irinta tun yana koyon ɗinki, ya tambaye ni ina na samo. Na ce ta gida ce. Ya ɗago ya dube ni, kallon da ban so ba, sannan ya ɗauki awo. Bayan mako ya ba ni riga mai dogon hannu wadda ta wuce gwiwa. Tana da nauyi, tana da kaushi, farinta ba fat ba, ya fi kama da kunun gyaɗa. Layin haɗi ya sauko mata daga kafaɗa har ƙasa, kuma ko'ina akwai 'yan ƙulle-ƙulle inda zaren ya yi kauri a hannun Inna. Gaskiya ban ga kyanta ba a ranar.

A layinmu kowa shadda yake sawa, ko yadi mai santsi da ya sha sitaci da guga. Ranar da na fara shiga da rigar, maƙwabcina, wani Alhaji mai sayar da buhuna, ya tashi tsaye ya kewaya ni.

"Malam, bari in duba kayana. Halan buhuna biyu ka ɗauke ka kai wa tela?"

Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Wani ya ce na yi kama da kakansa, wani ya ce saura malafa da sanda in bi shanu. Dariya ba ta kashe mutum, na jure. In kuma na kwana biyu ban sa ba, da safe Inna za ta ce wa bango, "Rigar ta ɓata ne?" Idonta bai mutu duka ba, yana raba fari da mai duhu. Sai in koma ɗaki in sauya.

A mako na uku dariyar ta ɗauke, kuma a nan ne hankalina ya tashi. In na doso rumfar mai shayi sai hira ta mutu. Wani dattijo da ke zuwa daga wajen Malumfashi sayen iri, wanda ya saba kama hannuna da hannu biyu, ya tsaya daga waje ya dafa ƙirji, ya ce wucewa yake yi. Da azahar a masallacin kasuwa na lura an bar tazara a sahu, dama da hagu, ba wanda kafaɗarsa ta taɓa tawa. Muna fitowa na ja Alhaji gefe na ce ya gaya mini gaskiya.

Ya dubi baya, ya rage murya. "Ana cewa likkafani ka ɗinka. Wai wani malami ya ba ka, don kasuwa ta buɗe. Wasu ma cewa suke ba sabo ba ne."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙaryar tana da gaskiya a gindinta, ba zan iya rantsuwa in ce ba likkafani ba ne. To wa ya fitar? Na zauna a shago ina lissafa mutane ɗaya bayan ɗaya. Tela ban gaya masa ba, amma wannan kallon nasa fa? Masaƙi ya sani, kuma tsofaffi ba su da aiki sai surutu. Shi kansa Alhajin da ya kawo mini labari, wa ya san ko shi ya ƙirƙira, tunda ɗan'uwansa ya buɗe shagon maganin feshi a ɗaya layin? Na daina yi wa tela cikakkiyar gaisuwa. A gida na titsiye matata, na ce ita ce ta kai wa ƙawayenta. Ta dube ni ta ce Allah ya isa tsakaninta da mai yi mata ƙazafi, ta kwana biyu tana ajiye mini tuwo ba magana.

Na rasa yadda zan yi. In na daina sa rigar, Inna za ta ce ta ɓata ne, kuma ba ni da fuskar da zan gaya mata cewa ana kiran aikin hannunta tsafi. In na ci gaba, sunana ya lalace a kasuwa. Sai na samo wata dabara da a lokacin na ɗauka wayo ce. Lokacin damina ta yi nisa, dawa ta riga ta wuce tsawon mutum. Akwai wata kwana tsakanin ƙauyenmu da Maska inda gona ta rufe hanya ta kowane gefe. Kullum sai in fito gida da rigar Inna, in na kai kwanar in jingine babur, in shige cikin dawa da baƙar leda, in fito da shuɗiyar shadda. Da yamma in sake shiga in mayar. Sahu ya rufe, hira ta dawo, Alhaji ya ce ai gara da na ji shawara. Ni kuwa kullum in na shiga gonar sai na ji kamar ɓarawo.

Ashe a gida ma an sa mini ido. Wata yamma ina alwala a tsakar gida na ji Inna ta ce wa matata ta kawo mata rigar, wai tana so ta duba ɗinkin tela. Aka kai mata. Ta gama dubawa, sannan ta yi magana da ƙarfin da ta san zai iso inda nake.

"Wannan rigar ba a wuni da ita. Rigar da ta wuni kasuwa zufa take yi, da warin maganin nan nasa. Wannan warin leda take. Ga wuyanta nan yadda ya fito daga hannun tela."

Da safe na durƙusa gaisuwa, Inna ta amsa, ta ƙara da cewa, "Kai, rigar tana cizo ne?"

"A'a, Inna."

"To."

Wannan "to" ɗin ya bi ni har Funtua. Duk da haka da na kai kwana sai da na shiga dawar, don tsoron bakin mutane ya fi ƙarfina.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne zamanin da muke ciki. Shekarun nan ne da ake ɗauke mutane a ƙauyukan yamma da mu, kuma kowa ya yarda ɓarayin daji ba sa shiga gari sai da ɗan gari. Duk wanda aka gani yana shiga daji da leda abin tuhuma ne. Mai gonar ya kwana biyar yana leƙena daga kan wata bishiya. Abin da ya gani kuwa, mutum ya shiga da farar riga ya fito da shuɗiya, safe da yamma, yana waige-waige. Ni ma da ni ne a kan bishiyar, abin da ya zarga shi zan zarga.

Wata safiya ina fitowa daga dawar, ina gyara hula, na tarar da 'yan sintiri huɗu sun kewaye babur ɗina, biyu da bindiga. Duk na san su, babbansu ma tare muka yi makarantar firamare. Bai amsa sallamata ba.

"Malam, wa kake kai wa saƙo a cikin dawa?"

Na ce ba kowa. Biyu suka shiga gonar suna neman abinci ko man fetur ko waya, ba su sami komai ba sai sawuna. Aka karɓe ledar, aka tasa ni gaba zuwa zauren mai unguwa. Kafin mu isa labari ya riga mu, mutane sun cika ƙofar gida. Na ji wani a baya ya ce infoma, wato mai kai wa ɓarayin bayani, kuma na san abin da ake yi wa wanda wannan suna ya kama.

Aka zazzage ledar a gaban mai unguwa, rigar ta faɗo kan tabarma. Nan take aka fara gunaguni, "Ga likkafanin da ake faɗa." Zargi ya zama biyu ke nan, kuma kowanne yana ƙarfafa ɗan'uwansa. Mai unguwa, dattijo ne da ya girmi mahaifina, ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce in yi bayani.

Ba ni da sauran abin ɓoyewa. Na faɗi komai, daga kalar auduga har zuwa tazarar sahu. Tsoro ya sake ni ina cikin magana, kunya ta maye gurbinsa, kuma ta fi tsoron ciwo. Ga ni magidanci mai furfura a gemu, ina gaya wa maza cewa a cikin dawar wani nake ɓuya in tuɓe abin da uwata ta kaɗa da makafin idanu, don kada mai buhu da mai shayi su yi da ni.

Mai unguwa ya jawo rigar, ya bi layin haɗi da yatsa, yana tsayawa a kan ƙulle-ƙullen. Ya ce, "Wannan kaɗin tsohuwa ne, kuma idonta ya fara tafiya. Da irinsa muka rufe tamu uwar."

Sai wani daga bakin ƙofa ya ce shi kam zai iya ba da shaida. Matarsa ta je wani suna a farkon damina, Inna tana wurin. Wai ta zauna a tsakiyar mata tana gaya musu cewa mutumin gidansu da kaɗinta yake zuwa Funtua, saƙa ɗaya da likkafaninta, kuma duk kasuwar ba mai irin rigarsa. Duk wadda ta shigo sai ta sake faɗa mata daga farko. Matan suka kai gidajensu, maza suka kai kasuwa, a hanya maganar ta zama abin da ta zama.

Na zargi tela, na zargi masaƙi, na zargi Alhaji, na sa matata kuka. Ko sau ɗaya ban kawo Inna a raina ba, don ban taɓa sanin tana maganata a bayan idona ba, balle alfahari.

Mai unguwa ya miƙo mini rigar. "Da ka bar ta a jikinka da ba ka zo zauren nan ba. Ɗauki abarka ka tafi."

Ban fita da ita a hannu ba. A nan gaban kowa na cire shaddar na cusa a leda, na zura rigar Inna, na karɓi makullin babur. Da na isa kasuwa Alhaji ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi.

"E, ragowar likkafanin uwata ce. Tana nan da ranta, ita ta kaɗa, ita ta ba ni. Wanda bai yarda ba ga babur, in kai shi ya gaishe ta."

Haka na riƙa faɗa wa duk wanda ya tsaya kallona, har na gaji da faɗa. Ba zan ce kowa ya gamsu ba. Dattijon Malumfashi bai ƙara dawowa ba. Tazarar sahu ta ɗauki watanni kafin ta rufe, kuma har yau in mutum ya daɗe yana kallon rigar sai na ji zuciyata ta fara tambayar me yake nufi. Amma na daina bari wannan ya tuɓe ni. Na je na ba tela hannu ba tare da na gaya masa dalili ba. Matata kuwa sai da na ba ta haƙuri sau uku, na ukun da tsire.

Duk ƙauye ya ji abin da ya faru a zauren mai unguwa, ba yadda za a yi a ce bai kai kunnen Inna ba. Ba ta taɓa ɗaga maganar ba, ni ma ban ɗaga ba. Sai bayan an yi girbi, an sare dawar nan kwana ta zama fili, ta sake cewa a kawo mata rigar. Ina jin ta daga tsakar gida.

"A wanke wannan, ta yi wari. Mutum ya riƙa wuni da riga ɗaya sai ka ce ba shi da wata."

Daga baya matata ta gaya mini cewa da ta miƙa hannu za ta karɓa, Inna ba ta saki ba. Ta ajiye rigar a cinya tana murza wuyan, inda ya yi laushi, har aka kira la'asar.

Inna ta rasu da bazarar da ta biyo, da hantsi, bayan zazzaɓin kwana uku. Ina zaune a ƙofar gida da maza, rigar a jikina, ana jiran mata su gama wanka. Sai aka ce Gwaggo na kirana, ƙanwar mahaifina, wadda ita ke jagorantar wankan. Na same ta a bakin zaure, hannunta a jiƙe.

"Hau babur ka je Maska ka sawo farin yadi."

Na ce, "Gwaggo, ai tana da nata. Yana ƙasan akwati."

"Mun ɗauko. Bai isa ba, rabi ne."

"Ya za a yi ya zama rabi? Ita da bakinta ta ce masaƙi ya yi mata yawa. Tawa ragowa ce."

Gwaggo ta dube ni, idonta ya yi ja. "Ragowar mi? Ni na karɓo saƙar nan daga hannun masaƙi. Daidai jikinta ya yi, ko kamu ɗaya bai ƙaru ba. A gabana ta raba biyu. Na ce mata ba zai isa ba, ta ce in yi shiru."

Na kama wuyan rigar zan cire. Na ce a kawo reza a farke haɗin, a mayar mata da abinta, ai saƙar tana nan. Gwaggo ta riƙe mini hannu.

"Ta san haka za ka ce. Ta ce kada a taɓa rigar, a cika mata da na kasuwa. Yi sauri, rana na yi."

Ni da nake juya kowane alheri ciki da waje, wannan na juya shi shekara guda ban ga abin da ke ƙarƙashinsa ba. Na hau babur, na bi ta kwanar da nake ɓuya, gonar fili fetal an fara sharar ta. A Maska na tsaya gaban mai yadi na ce farin likkafani nake so, na mace, amma ciko ne. Ya ɗauko sandar awo, ya dubi rigar da ke jikina, ya tambaye ni nawa ya rage a cika. Na tsaya riƙe da bakin rigar.